Hannun inji ko sitiyari: wanne ya dace da ƙaramin jirgin roba a ruwan Kebbi?

Duk mai niyyar sayen ƙaramin jirgin roba, irin wanda ake hura wa iska, tambayar kuɗi yake fara yi: nawa jirgin, nawa injin. Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, amma ba a cika tuna ta ba sai kaya sun iso gida: a ina matuƙi zai zauna, kuma da me zai riƙa juya jirgin? Amsarta ce ke yanke girman injin da za ka ɗaura, da irin daɓen da jirgin zai zo da shi, da kuma ko zai naɗu ya shiga bayan mota ko sai an nemo masa tirela.

Masu neman irin wannan jirgi a Kebbi ba 'yan shaƙatawa ba ne. Matasan sa-kai ne da suka ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa fadamun shinkafa daga Argungu har Bagudo, da ma'aikatan lafiya masu bin tsibiran Yauri da rigakafi, da masu kiwon kifi a keji, da manoman da ruwa ke raba su da gonakinsu duk damina. Kuɗinsu na gumi ne, sau da yawa ma karo-karo aka yi aka tara. Shi ya sa nake so in faɗi ra'ayina tun daga farko: in jirginka bai kai mita 4 ba, kuma injinka bai wuce ƙarfin doki 20 ba, ka tsaya a hannun inji. Sitiyari yana da ranarsa, zan kuma faɗe ta, amma ba a ƙaramin jirgi take ba.

Hannun inji shi ne sandar nan da ke fitowa daga jikin injin, wadda duk direban kwale-kwale a Yauri ko Zamare ya saba da ita. Totur yana bakinta, murɗawa ake yi. Giya tana gefen inji ko a kan sandar, ya danganta da ƙirar. In ka tura ta hagu jirgi ya yi dama, in ka jawo ta dama ya yi hagu. Sabon shiga yakan rikice da wannan a yinin farko, daga nan hannu ya saba. Babu kebur, babu batir, babu wani abu tsakanin tafin hannunka da farfela sai ƙarfe guda.

A ruwanmu wannan babban abu ne. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya hau kan dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kuma har yau kututturan itatuwa na nan a ƙasa, suna leƙowa in ruwa ya ja baya. A sama kuma, wajen Lolo da Dole Kaina, da cikin gulbin Rima, yashi ne ke sauya wuri daga shekara zuwa shekara, ga ciyawar ruwa, ga kalli da mamari da masunta suka shimfiɗa. Mai riƙe da hannun inji yana jin komai a tafinsa. Farfela ta taɓa yashi, ya ji. Ciyawa ta naɗe ta, ya ji tun kafin ƙarar injin ta canja. Kuma yana zaune ne a inda zai miƙa hannu ya ɗaga ƙafar injin nan take, ya warware abin da ya naɗe, ya mayar. Kaucewa ma haka: motsi ɗaya na hannu ya kai injin ƙarshen juyinsa, alhali sitiyarin kebur sai ka murɗa shi sau uku zuwa huɗu kafin ya tashi daga wannan ƙarshe ya kai wancan. Wanda kututture ya ɓullo masa a gaba, ko dorina ta ɗago kai kusa da shi, ya san darajar wannan ɗan lokaci.

Sai batun ɗauka da ajiya, wanda a ganina shi ne dalilin sayen jirgin roba tun asali. Inji mai hannu da maƙalai biyu ake ɗaure shi a allon baya, wato allon da ke bayan jirgin. Ka kwance su, ka cire tiyon mai, mutum biyu su ɗauke shi su kai ɗaki a kulle. Jirgin kuma a sace iskarsa a naɗe. In aka ce ruwa ya yanke wani ƙauye a Suru ko Shanga, a bayan a-kori-kura ɗaya za a loda jirgi da inji da tanki, a hura a bakin ruwa. Injin da ya kwana a ɗaki kuma ɓarawo bai gan shi ba.

Hannun inji yana da nasa aibu, kuma ba ƙarami ba ne. Matuƙi, da inji, da tankin mai, duk a baya suke taruwa. Jirgin roba ba shi da nauyi, to da ka murɗa totur sai gaba ya ɗaga sama, har ka daina ganin abin da ke gabanka na ɗan lokaci. In kai kaɗai ne a ciki, kuma iskar hunturu na tahowa ta gaba a buɗaɗɗen ruwan Kainji, inda faɗin tafkin ya haura kilomita 20, iska tana iya shiga ƙarƙashin jirgin ta kifar da shi ta baya. Maganinsa sananne ne: a kai tanki da kaya gaba a ɗaure, a zaunar da abokin tafiya a gaba, a sa ƙusar da ke saita kwanciyar inji a ramin da ya fi kusa da allon baya, a kuma ƙara wa hannun tsawo da sandar ƙari don matuƙi ya matsa tsakiya. Sandar ƙarin ba ta da tsada, amma a cire ta in za a shiga matsatsin wuri, domin tana nisanta ka da giya. Aibu na biyu gajiya ce. Zama a karkace a kan bututun iska na gefen jirgi, hannu ɗaya a baya, jijjigar inji na shiga kafaɗa, bayan awa biyu jiki zai gaya maka. Kuma farfela tana da halin jan inji gefe guda, wanda a doki 15 ba ya damun kowa, amma daga doki 30 zuwa sama, a jirgi marar nauyi, in hannun ya suɓuce maka jirgin zai yi juyin da zai iya watsar da kowa a ruwa.

A nan ne sitiyari ke shigowa. Akwati ne ake kafawa a tsakiyar jirgi, da sitiyari a jikinsa. Daga bayansa kebur mai kauri guda ɗaya ke tafiya ta gefen jirgi har ya shiga bututun da injin ke lilo a kansa, yana turawa yana jawowa. Sannan akwai wani ƙaramin akwati na totur da giya, da nasa kebur biyu. Akwai kuma nau'in da ke aiki da mai a cikin tiyo maimakon kebur, mai laushi ƙwarai a hannu, amma na manyan injuna ne, ɗora shi a kan doki 20 ko 30 ɓarnar kuɗi ce kawai.

Amfaninsa na gaske ne, kada a raina shi. Matuƙi yana fuskantar gaba, yana zaune ko tsaye a tsakiya, nauyi ya rabu daidai, jirgi ya kwanta a saman ruwa da wuri. Yana hango nesa. Yana da abin riƙewa in igiyar ruwa ta taso. Juyawa kuma yadda hankali ya saba ne, dama dama, hagu hagu. Ga aikin ceto a faffaɗan ruwa, inda ake neman kan mutum a cikin igiyar ruwa ana tafiyar awanni, wannan tsayuwar ta tsakiya tana iya zama sanadin ganin wanda da ba a gan shi ba.

To amma dubi abin da yake ci. Na farko wuri. Jirgi mai tsawon mita 3.3, in ka cire kaurin bututun gefe da na gaba, filin cikinsa bai fi mita 2 da 'yan kai a tsaye ba, faɗinsa kuwa bai cika mita guda ba. Ka dasa akwati da kujera a nan, ina za ka kwantar da mara lafiya, ina za ka ajiye akwatin sanyi na allurai? Na biyu daɓe. Akwatin sitiyari sai an ɗaure shi da ƙusoshi a kan abu mai ƙarfi, wato daɓen alminiyam ko na katako, ko kuma jirgin da ƙasansa duka roba ce mai tauri. Daɓen iska da na 'yan siraran katakai ba sa riƙe shi yadda hankali zai kwanta. Na uku, da zarar an haɗa kebur uku a jikin inji, an ɗaure shi da ƙusoshi, an ja wayar batir (domin yawancin injunan sitiyari da makulli ake tada su), to jirgin ya daina naɗuwa. Ya zama na tirela, kuma injin zai riƙa kwana a waje. Na huɗu shi ne wanda masu sayarwa ba su cika faɗa ba: kebur ba ya son lanƙwasa mai tsanani, kuma a ɗan gajeren jirgi dole a lanƙwasa shi a matse kafin ya kai inji, sai sitiyarin ya yi tauri tun yana sabo. Ƙurar hunturu ta haɗu da giris a bakin bututun nan, jirgi ya yi wata uku a ajiye, ranar da aka tashi buƙatarsa sai a tarar ya ƙame. In kebur ɗin ya tsinke kuwa, sai an auna tsawonsa daidai an aika Legas ko Fatakwal. Hannun inji ko ya karye, mai walda a kasuwa zai san yadda zai yi da shi ka koma gida.

Iyakar da nake gani ke nan: daga mita 4 zuwa sama, da daɓe mai tauri, da inji doki 25 ko 30 zuwa sama, da wurin ajiya mai tsaro kusa da ruwa, sitiyari ya cancanci kuɗinsa. Hukuma ko babbar ƙungiya mai aikin ceto a tafkin Kainji ita ce mai wannan. Ƙasa da haka, kuɗin akwati da kebur da batir gara a sa shi a rigunan kariya masu kyau, da farfela ta biyu, da famfon iska na ƙwarai.

Girman inji kuma ba a zaɓarsa da ido. Kowane jirgin roba na kirki yana da ɗan faranti a manne a allon baya, an rubuta iyakar dokin da zai ɗauka, da yawan mutane, da nauyin kaya, wasu har da iyakar nauyin injin kansa. Wannan rubutu ba ado ba ne. Allon baya manna shi aka yi a jikin roba da gam, kuma injin da ya fi ƙarfinsa a hankali yake ɓanɓare shi. A bisa al'ada, jirgi mai mita 2.5 zuwa 2.7 yana ɗaukar doki 2.5 zuwa 6, mai mita 3 zuwa 3.3 doki 10 zuwa 15, mai mita 3.6 zuwa 3.8 kuma doki 20 zuwa 25. Na san jarabar da ke nan: doki 40 shi ne injin da aka fi gani a bayan manyan kwale-kwalen katako, ana samun na hannu, kowane bakanike ya san cikinsa. Amma nauyinsa ya haura kilo 70. Kada a ɗora shi a ƙaramin jirgin roba, ko kyauta aka ba ka.

Akwai kuma wani mataki da ya kamata mai saye ya fahimta. Jirgin roba yana da tafiya iri biyu: ko yana ture ruwa da ƙirjinsa a hankali, ko ya taso ya kwanta a saman ruwa yana sulɓi. Tsakanin biyun nan akwai wurin da inji ke kuka, mai na ƙonewa, gaba ya ɗaga, gudu kuma babu. Doki 5 ko 6 zai iya tada mutum ɗaya marar jiki, amma da mutum biyu da kaya sai ya maƙale a wannan tsakiyar. Doki 15 a jirgi mai mita 3.3 yana tada manya biyu zuwa uku, ya yi kamar kilomita 30 a awa. Saboda haka, ko dai ka sayi ƙarami ka haƙura da tafiyar sannu, wadda ta ishi mai zagaya kejin kifi, ko ka sayi wanda zai tada kayan da ka saba ɗauka. Wanda zai riƙa haurawa sama a kogin Kwara lokacin da ruwa ke gudu a watan Satumba, kada ya yi ƙasa da doki 10.

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu sayen na hannu shi ne tsawon ƙafar inji. Iri biyu aka fi samu: gajeriya mai inci 15, da doguwa mai inci 20. Yawancin ƙananan jiragen roba na gajeriya ne. Ka auna allon bayanka daga sama zuwa ƙasa kafin ka je kasuwa. In an ɗaura injin daidai, faffaɗan ƙarfen nan da ke saman farfela zai yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da kamar inci guda. Doguwar ƙafa a gajeren allo tana nutsewa fiye da kima: ruwa ya riƙa fantsama cikin jirgi, gudu ya ragu, farfela ta riƙa noman yashi a wurin da ya kamata ta wuce lafiya. Gajeriya a dogon allo kuma farfela ta riƙa shan iska a kwana, inji ya yi ƙara a banza, famfon sanyaya shi ya rasa ruwa.

Sai tsohuwar muhawara: inji mai haɗin mai, ko mai baƙin mai daban? Bambancin kamar na ƙaramin janareton nan ne da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, da babur ɗin zamani da ke da ma'ajiyar baƙin mansa a ƙasa. Mai haɗin mai ya fi sauƙin nauyi. Yamaha Enduro doki 15 bai kai kilo 40 ba, Tohatsu mai doki 9.8 kuwa kilo 26 ne, mutum ɗaya zai iya saɓa shi. Takwarorinsu masu baƙin mai daban a doki 15 suna tsakanin kilo 43 zuwa 50 da wani abu, kuma kowane kilo a allon bayan jirgin roba ana jin sa. Mai haɗin mai yana tashi da sauri, yana jure man da ba shi da tsabta sosai, za ka kwantar da shi a mota ta kowane gefe, kuma in ya faɗa ruwa ana iya wanke shi a tada shi a ranar. Mafi muhimmanci, bakaniken bakin ruwa ya san shi, kayan gyaransa kuma suna kusa. Aibunsa shan mai da hayaƙi da ƙara. Doki 15 in an murɗa shi ƙarshe yana shan kusan lita 7 a awa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya daina zama ƙarami. Haɗin da aka fi amfani da shi kashi 1 ne cikin 50, wato rabin lita na baƙin mai a lita 25 ta fetur, kuma man injin ruwa ake so, mai alamar TC-W3, ba na mota ba. Sabon inji ana ninka masa man a awannin farko, littafinsa zai faɗi adadin.

Mai baƙin mai daban ya fi tsimin fetur, musamman a tafiyar sannu, inda bambancin ke fitowa sosai. Ba ya hayaƙi, kuma za ka iya jin kiran mutum daga nesa yana aiki, abin da ke da amfani ga mai ceto. Amma yana son fetur mai tsabta, yana son canjin mai duk bayan awa 100, kuma in ka kwantar da shi ta gefen da ba a ce ba, baƙin mai zai gangara cikin silinda ya ƙi tashi. A sani kuma, Tarayyar Turai ta tsaurara dokar hayaƙi a kan injunan haɗin mai tun 2007, har sababbinsu masu kafireta suka bar kasuwar can. To in an nuna maka mai haɗin mai an ce na Turai ne, ka san ya kwana biyu, komai ƙyallin fentinsa. Ni dai, ga wanda ke aiki kullum kuma yana da bakanike da ya iya, mai baƙin mai daban zai mayar da kuɗinsa a fetur. Ga jirgin da ake ajiyewa don ranar gaggawa, ana lodawa ana saukewa, mai haɗin mai nake zaɓa.

Injin lantarki ma ya fara shigowa. Irin na kamfanin ePropulsion mai kilowat 1 yana daidai da kamar doki 3, batirinsa kuma yana yin awa ɗaya da 'yan mintuna in an buɗe shi duka, ya fi haka nesa in ana lallaɓawa. Ga mai kejin kifi a kwantaccen ruwa kamar na madatsar Bakolori, da sola a gida, abu ne mai kyau. Ba na kogi mai gudu ba ne.

Ko wanne ka zaɓa, akwai jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke maƙale a makashin inji. Ɗaya bakin a jikin matuƙi ake ɗaure shi, a cinya ko a rigar kariya, don in ya faɗa ruwa inji ya mutu nan take. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya naɗe ta a jikin inji ya bar ta. Mai hannun inji a gefen jirgi yake zaune, a kan roba mai santsi, kuma jirgin da matuƙinsa ya faɗi injin na aiki yakan yi ta kewaya har ya dawo kan wanda ya faɗa da farfela. Mai sitiyari ma bai tsira ba, igiyarsa tana jikin akwatin totur.

Zafin rana shi ma yana shiga lissafin tuƙi. Bututun gefe yana son iska kusan 0.25 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, daɓen iska kuma ya ninka haka kamar sau uku. In iskar ta yi ƙasa, jirgi yana lanƙwashewa, allon baya ya riƙa rawa, tuƙi ya lalace ko da wane irin inji. In ka cika shi tam da asuba kuma ka jawo shi tudu a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, iskar za ta kumbura ta buɗe ɗinki. Ka hura, ka sa shi a ruwa, ka sake aunawa, in za a bar shi a tudu a rage masa iska a rufe shi. Cikin robobin da ake yin jirgin da su, robar Hypalon ta fi PVC jure rana nesa ba kusa ba, tsadarta ma haka. Ƙugiyar mamari da ƙayar ƙurungu kuwa babu wadda suke ragawa, don haka gam da faci su zauna a jirgi.

Abu ɗaya da ba zan yi shiru a kansa ba: wannan jirgi ba na fasinjan kasuwa ba ne. Mutanen Ngaski ba su manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a yankin Warra, kaɗan ne suka fita. Wancan babban jirgin katako ne. Na roba mai ɗaukar mutum huɗu, in aka sa masa takwas, ba ya nutsewa nan take, kuma wannan ne ke ruɗin mutane, amma ruwa zai riƙa shigowa ta saman allon baya, inji ya kasa juya shi. Dokar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta sa rigar kariya da hana tafiyar dare ta hau kansa kamar yadda ta hau kan kowane jirgi.

In na hannu za ka saya, kada ka biya sai an tada shi a gabanka a cikin duro cike da ruwa, ba a busasshiyar ƙasa ba, domin 'yar robar famfon ruwansa tana ƙonewa cikin ƙanƙanin lokaci in babu ruwa. Ka taɓa kan injin tukuna ka tabbata da sanyinsa, kada a ce an ɗumama shi kafin ka iso. Ka duba siririn ruwan da yake fitarwa ta baya, ya fito da ƙarfi ba yankewa. A sa giyar gaba, a sa ta baya. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa ka ga kalarsa: in ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga, sai an canja robobin da ke toshe shi. Ka girgiza hannun injin ka ji ko yana da wasa a gindinsa. Sannan ka tafi da bakaniken da zai riƙa gyara maka shi, ka biya shi ladan yininsa, ya sa ma'auni ya gwada matsin kowace silinda, su biyun su zo kusa da juna.